Igiya Ɗaya

Mahaifina Baldomero, shekara talatin da huɗu
yana ɗaure jirage a tashar Valparaíso.
Igiyarsa kaurinta ya kai cinyar ƙato.
Gishiri ya cinye zanen yatsunsa
har masu katin shaida suka gaji da dangwala masa tawada.

Ni Eulalia, autarsa, nawa jirgin a jaka nake rataye shi:
kwamfutar cinya, siririya, burodi biyu sun fi ta nauyi.
Da ita nake yini a bakin teku ina ƙirgen kwantena,
wannan inabi, wannan tagulla,
wancan kifi ne daskararre, kada ya kwana a rana.

La'asar sakaliya sai in hau tudu,
matakala ɗari da sittin in keken hawa ya lalace,
kuma yakan lalace.

Dā in na iso gida sai in durƙusa ƙarƙashin tebur
kamar mai neman allura.
Waya bakwai, rami uku.
In soka ta firinta, in zare ta linzami,
in ba lasifika wuri, rumbun ajiya ya yi fushi.
Kowa na son ƙofa, gidan kuwa zaure ɗaya.

Sai na sayo wani baƙin akwati, tsawonsa taƙi guda,
bayansa duk ramuka kamar saƙar zuma.
Allo biyu na ɗaure masa, da madannai, da firinta,
da wayar intanet, da ta wuta.
Daga gabansa igiya ɗaya ta fito, ba ta kai ɗan yatsa ba.
Ina soka ta, ƙyas,
allon dama ya buɗe ido, na hagu ya yi miƙa ya biyo,
firinta ta yi gyaran murya,
ita kuma kwamfutar ta kama shan wuta
kamar jaririn da ya sami nono.

Ran Lahadi Baba ya zo da jakar lemo.
Na ce, zauna ka ga abin mamaki.
Na soka. Shiru.
Na zare, na hura, na sake sokawa. Shiru.
Allo biyu baƙi ƙirin, fuskokinmu kawai a ciki.
Na kashe, na kunna, na zagi kamfanin,
na fara neman lambar Ítalo mai gyara.

Baba bai san linzami ba, bai san madannai ba.
Ya ajiye lemo, ya ɗora yatsa a kan waya,
ya bi ta a hankali, gwiwarsa na ƙara,
daga akwati zuwa ƙafar tebur,
daga ƙafar tebur zuwa bayan tukunyar fure,
inda 'yar girgizar ƙasar daren jiya,
wadda ko kofi ba ta kayar ba,
ta sassauta filogi daga bango.
Ya danna da babban yatsa.
Ɗakin ya cika da haske.

Ya ce, ke jirgi kike kallo.
Mu turke muke fara dubawa.

Muka ɓare lemo.
Ya tsaya yana kallon sunayen jirage a allon hagu,
leɓensa na motsi, wasu ya san kyaftin ɗinsu,
wasu an ƙera su bayan ya bar aiki.

Da safe na makara, na kai hannu zan fizge igiyar.
Ya riƙe min wuyan hannu.
Ya nuna 'yar fitilar rumbun ajiya tana ƙiftawa:
wannan kaya ake lodi?
Na ce, eh.
Ya ce, to, ba a kwance jirgi ana lodi.

Muka jira, ni da jaka a kafaɗa, shi da silifas,
har fitilar ta daina.
Sannan ya zare da kansa,
ya naɗe igiyar zagaye uku a kan tebur
yadda ya saba naɗe manya,
ya ce in gaida masa teku.