Wasiƙu Uku da Rabi daga Kasuwar Barci

Shagona taku huɗu ne a layin 'yan gwanjo,
kwamfuta ɗaya, firinta mai tari, wutar janareton maƙwabci.
Ran da rediyo ya ce Majalisa na sauraron jama'a
kan gyaran dokar haraji,
kafin azahar bencina ya cika.

Barau na Panteka ya fara, hannunsa duk tabon walda.
Ya ce, "Buga: Ranka ya daɗe,
ni ba mai gudun haraji ba ne,
kakana ya biya jangali da karsanar da ya fi so.
Amma ƙarfen nan an ɗora masa a tashar jirgin ruwa,
an ɗora masa a hanya, an tare shi a bakin ƙofa.
Ƙyaure ɗaya nake ƙerawa, rasit bakwai ke bina.
Ku nuna mini wanne ne na Tarayya,
wanne ne na mai gora da kurtun tawada."
Na ce, "In sa mai gora?"
Ya ce, "Sa. In sun ji haushi, sun karanta ke nan."

Mama Kasham ta shigo daga Kakuri, motar haya biyu,
ta kwance gwangwanin biskit daga cikin ɗankwali.
Takardun albashin mijinta ne,
shekara ashirin da shida a masaƙa,
kowane wata da layin abin da aka cire, babu fashi.
Ta ce, "Ba roƙo ya kawo ni ba, lissafi ne.
Masaƙa ta yi shiru, ciyawa ta haye injin,
shi kuma ƙasa ta rufe shi yana jiran sallama.
Ku da ba ku taɓa mance cirewa ba,
yaya kuka mance da biya?"
Sai ta yi jim.
"Goge kuka mance. Sa aka mance.
Ina da jikoki."

Malam Tanimu na Rigasa da tasa ya zo a rubuce,
shafi goma sha biyu, karin magana tara,
alli bai gama fita daga farcensa ba.
Shi yana son gyaran, in dai za a sauke wa ƙarami kaya.
Muka yi ta ciniki kamar masu sayen atamfa,
har muka tsaya kan tambaya guda:
sabulun da aka yi wanka da shi a Rigasa,
kumfarsa a kwatarmu,
don me harajinsa zai kwana a garin hedikwata?

La'asar ta yi. Na lissafa, na liƙe, na rubuta adireshi.
Barau ya turo kuɗin su ukun ta waya har da na takarda.
Saƙo ya shigo, wani ya biyo bayansa kamar ƙani:
an cire.
Muka kwashe da dariya har mai gwanjo ya leƙo.
Ashe ko kukan ma sai ya biya kuɗin hanya.

Da suka watse na buɗe farin shafi.
Ni ma ina da tawa, shekara goma ina buga ta wasu.
Na rubuta, Mai girma Sanata,
sunana Tabawa, ina biya,
ina so in san
sai maƙwabci ya kashe janareto, mai ya ƙare.

Na zauna cikin duhu da ambulan uku a cinya.
Gobe zan kai su gidan waya da kaina,
in tambayi na kan kanta ko akwai mai buɗewa a can.
Rabin tawa tana nan cikin injin,
in bai cinye ta ba.