Ɗigo Ashirin da Ɗaya

A Kumbakonam, tun hankaka bai yi gyaran murya ba,
kakata Kanagavalli takan yayyafa wa bakin ƙofa ruwa,
ta tsuguna da garin shinkafa a ɓawon kwakwa,
ta soma jera ɗigo kamar mai shuka.
Ashirin da ɗaya a layin tsaka,
sauran su yi ta raguwa sama da ƙasa.
Sannan zare guda, fari fat,
ya zubo daga tsakanin yatsu biyu,
ya kewaye wannan, ya ratsa bayan wancan,
bai taɓa ko ɗaya ba, bai manta ko ɗaya ba,
har ya komo ya kama wutsiyarsa.
Kolam ke nan. Kowace ƙofa a titinmu da nata,
amma masu wucewa a tamu suke rage sauri.

Kafin hantsi an gama da shi.
Keken mai madara ya tsaga shi biyu,
tururuwa sun yi sahu suna jidar kusurwa,
'yan makaranta sun kwashi saura a tafin ƙafa.
Abin ya yi ta ci mini rai.
Na ari kyamarar Ilango mai hoton biki,
na ce, "Kaka, zan adana miki."
Ko ɗagowa ba ta yi ba.
"Adana wa wa? Tururuwa ba ta cin takarda."

Na yi kunnen ƙashi.
Kullum asuba ina kan baranda,
na zuro kai kamar ƙadangare a katanga,
in jira ta ɗauke hannu, in danna.
Daga nan idona ya buɗe, ya ƙi rufuwa.
Sai ga kolam inda ba a zuba gari ba:
a saƙar kujerar mai shayi,
a wayoyin lantarki da suka sarƙe a mararraba,
a kofunan ƙarfe da aka kife suna ɗiga,
a jijiyar ganyen ayaba bayan an suɗe,
har a faso na dugaduganta.

Hoto ɗari uku da 'yan kai.
Ran da ruwa ya hana kowa fita
na shimfiɗa su a tsakar ɗaki bi da bi,
ina neman wanda ya isa a rataye.
Sai bakina ya kama ƙirga shi kaɗai.
Ashirin da ɗaya.
Sha tara.
Bayan bikin fitilu, sha biyar.
Sha ɗaya. Tara.
A na jiya, biyar,
zaren yana rawa kamar sawun tana.
Kowace safiya cif take in an ɗauke ta ita kaɗai,
ba mai cewa an rage komai.
Sai da suka jeru kafaɗa da kafaɗa
suka tona abin da ƙugunta ya daɗe yana faɗa mata,
ita kuwa ba ta faɗa wa kowa ba.

Washegari na bar kyamara a jikin ƙusa,
na sauko ba takalmi.
Ta dube ni sama da ƙasa,
ta miƙo ɓawon, ta zauna a dakali.
"Kar ka matse. Sake shi ya zubo.
Ɗiga bakwai tukuna, kai da gaggawa."
Vasuki ta ƙofar gaba ta toshe dariya da gefen sari,
wai yau ga ƙato da gemu yana kolam.

Zarena ya yi kauri nan, ya tsinke can,
ya taka ɗigo biyu,
ya tsaya taki guda nesa da inda ya faro.
Na kai hannu zan goge.
Ta doke shi da sandarta.
"Bar shi. Ka bar musu ƙofa ne."
Na duba ƙasa:
ta farko har ta shigo,
tana ɗauke da abin da ya fi kanta girma.