Kafin Ka Murɗa Totur

Muzammil, zauna nan kan tsohuwar taya,
bari in goge hannuna.
An ce riɗi ya yi albarka bana,
kuɗin yankanka na ƙulle a aljihun jallabiya,
idonka kuma ya maƙale a jan babur ɗin nan
mai ɗage gindi kamar fara za ta yi tsalle,
wanda Awad ya jingine bakin shagonsa a kasuwar Gadarif.

Ban hana ka ba.
Ni ma na taɓa zama ɗan ashirin.

Amma ka je masa da sassafe,
kafin mai shayi ta hura gawayinta,
kafin Awad ya tayar da shi ya ɗumama.
Inji mai sanyi bai iya ƙarya ba.
Dafa shi da tafin hannu: in ka ji ɗumi, an riga ka,
ka yi gaisuwa, ka ce sai gobe.

Fenti kwalliya ce, kada ya ja ka.
Tsuguna ka leƙa ƙasan inji,
ɗigon baƙin mai hawaye ne da yake ɓoyewa.
Shuɗin hayaƙi a salansa, ringi ya gaji.
Shafa ƙarshen kaho, shafa hannun birki,
babur ɗin da ya taɓa shan ƙasa
nan yake ajiye tabonsa.
Lambar jiki da ta takarda, karanta su sau biyu,
harafi ɗaya ya saɓa, mayar da hannunka aljihu.

Ƙarami nake so ka fara da shi,
mai ɗari da hamsin ya ishe ka.
Wanda ɗan akuya ke kayarwa
me ya kai shi riƙe ƙahon bijimi?
Kuma kuɗin hular kwano ka ware su tun kafin tayi,
rawaninka bai san kwalta ba.

To, ka saya. Yanzu ne aiki ya soma.
Baƙin mai ka sauya shi tun bai zama kwalli ba.
Fetur ɗin kwalba na bakin hanya,
tace shi da ƙyalle, ko mai sayarwa ya ɓata rai.
Ƙurar rani tana shiga matatar iska ba sallama,
duk Juma'a ka kakkaɓe ta.
Danna taya da babban yatsa kowace safiya.
In damina ta sauka, ka san baƙar lakarmu:
takan cika bayan taya ta ƙame,
ta tsayar da namiji tsakiyar gona.
Ranar nan ka tafi da ƙafa, ba abin kunya ba ne.

Sai sarƙa.

Ka ga ƙafar nan da nake ja?
Tun kana goye ne.
Kwana tara sarƙata na kaɗawa tana kirana,
ina ce mata gobe, ni da sifana ke kwana a aljihuna.
Hanyar Doka, dab da magariba,
ga amalanken jaki ba fitila,
na rage giya, ta zame, ta naɗe, taya ta ƙi juyawa.
Jakin ko waiwaye bai yi ba.
Wata huɗu ina ƙirga azarar ɗaki.
Saƙonta kada ya wuce faɗin yatsu biyu,
ka ɗiga mata mai kamar kana sa wa jariri magani a ido.

Aro kuwa, ka ce kawu ya hana.
Ɗora min laifin, bayana ya saba.

Abu ɗaya ya rage: kada ka huda salansa
don 'yan matan unguwa su ɗago kai.
Innarka Zulai za ta haddace muryarsa cikin mako guda,
ta riƙa tsince ta daga cikin babura goma,
ba za ta kashe fitila ba sai ta ji ya yi shiru a ƙofar gida.
Ka bar mata muryar yadda za ta gane.

Miƙo min sandata.
Gobe bayan asuba ka biyo ta nan, mu je tare.
Ni zan saurari injin,
kai ka biya kuɗin shayi.