Gyaran Baba Anaruwa

Asabar ɗin ƙarshen wata, bayan la'asar,
muke haɗuwa a aji huɗu na wata firamare a Yelwa.
Bencin na yara ne, gwiwa na gaisawa da haɓa.
A allo ga lissafin jiya ba a goge ba:
bakwai sau takwas, wani yaro ya ce hamsin da huɗu,
mu goma sha ɗaya, ba wanda ya tashi ya gyara.

Malam Mainasara ke riƙe da littafin suna.
Ɗari biyu-biyu, kuɗin ƙosai da ruwan leda.
Wanda ba shi da shi ya ce sai wata mai zuwa,
a rubuta, a manta.

Luba ta zo daga asibiti, ko takalmin aiki ba ta cire ba,
labarinta ya kai babi na tara
amma mijin da ya tafi Kwantagora sayen masara
har yau bai dawo ba.
Ɗan'ige mai gyaran waya ya zo da baiti sittin kan tsadar taki,
muka haɗa shi da Allah ya tsaya a ashirin.

Sai aka ce saura ni.

Wata uku ina gugar waƙar nan
a bayan rasit na shagon magani,
waƙar Kwara ce, da daren da na hau jirgi zuwa gungu.
Na miƙe, takarda na rawa, muryata ta sirance,
na karanta yadda wata ya zuba madara bisa ruwa,
yadda tsakiyar kogi ta tsage, ta tofo gaiwa,
ta yi tsalle, ta yi walƙiya, ta koma.
Aka tafa. Har Luba ta ce a maimaita.

Daga taga sai muka ji tari.
Baba Anaruwa ne, maigadi, makullai a hannu.
"Yaro, mi ka ce? Gaiwa?
Shekara arba'in ina bisa ruwan ga
kahin gwiwa ta aje ni bakin ƙohwa.
Gaiwa ba ta tsalle, ba ta son tsakiya.
Wagga da ka gani kawara ta.
Gaiwa laka taka so. In rani ya yi
ta haƙa, ta naɗe, ta rufe bakinta,
tana cin jikinta har ruwa shi sauka."

Na ce, Baba, amsa-amon ne ya ja ni,
ruwa, gaiwa, ka ji sun zauna.
Ya ce, "Kihi bai san amsa-amo ba."

Dariyar da aka yi, har jemagun mangwaro suka tashi.
Ni kuwa kunnena ya yi zafi,
na ninke rasit huɗu, na tura aljihu.

Malam Mainasara ya ɗaga biro:
"Baba, yaushe ka fara saurarenmu?"
"Tun kuna ku huɗu. Wa ka buɗe muku ƙohwa?
Ke kuma 'yar asibiti, mijin nan na Kwantagora,
ko ki maido shi, ko ki kashe shi mu yi zaman makoki."

Aka rubuta sunansa, na goma sha biyu.
Ɗari biyu kam ya ce ba ya biya,
ya ɗauki ƙosai uku, ya kaɗa makullai,
ladan ya riga ya gyara murya.

Da dare na kunna fitilar waya,
na soke gaiwa, na sa kawara,
baitin ya ɗingisa, na bar shi da ɗingishinsa.
Sai na yagi sabon rasit.
Tun daren nan nake ƙarƙashin busasshiyar laka
da wata halitta mai jiran damina,
layi shida kawai na samu.
Saura kwana tara Asabar ta zagayo,
kuma na san wanda zai tsaya a taga.