Wa Ya Rufe Ƙofar?

Akwati biyu ne a shafi na uku,
ƙanana, kamar idon kaza.
Na farko: kun tafi yajin aiki.
Na biyu: an kulle ku a waje.
Zaɓi ɗaya, in ji takardar jihar Ohio.
A ɗaya akwai kuɗin tallafi duk mako,
a ɗaya babu ko sisi.

Shekara goma sha ɗaya ina bakin tanderu a Toledo,
ina kallon yashi yana narkewa ya zama kwalba.
Gashin hannuna ya ƙone tun shekarar farko,
bai sake tsirowa ba.
Ba wanda ya taɓa tambayata
wane suna zan ba wa zafi.
Yau ana so in raɗa wa yunwa suna,
kuma kada in yi kuskuren harafi.

Ga yadda aka yi.
Ran Alhamis muka ɗaga hannu a zauren ƙungiya
cewa in ba a gyara maganar asibiti ba, za mu ajiye aiki.
Za mu. Ba mu ce mun ajiye ba.
Ran Litinin da asuba, biyar da minti arba'in,
na iso da kwanon shinkafata a leda,
da takalmin ƙarfe, da hular kwano,
na tarar da kwaɗo a ƙofa,
sabo fil, ko takardar farashi ba a ɓare ba.

A garinmu, matar da aka fitar wa da kaya
aka datse ƙofa a bayanta,
ba a cewa ta yi yaji.
Ko yaro ya san wannan.
A nan sai an kira lauya.

Otis Pruitt ya ɗauki hoton kwaɗon da wayarsa,
hannunsa na rawa don sanyi,
hoton ya fito dishi-dishi.
Shi ke nan shaidarmu, mu ɗari biyu da shida:
ƙarfe a cikin hazo
da lokaci a kusurwar sama.

Mako na huɗu aka saurare mu ta waya.
Wata murya, Misis Wisniewski, mai tari a hankali, ta ce:
Da an buɗe, da ka shiga bisa tsohuwar yarjejeniya?
Na ce, baiwar Allah, da abincina na zo.
Lauyan kamfani ya ce barazana ma yaji ce,
wai sun rufe ne don kada gilas ya daskare a tanderu.
Gilas suka ji wa tsoro.
Na dubi tagar kicin,
ƙanƙara ta kama ta daga ciki.

Mai gida ba ya karɓar hoto a madadin haya.
Maganin asmar Nafisatu saura shaƙa goma sha tara,
ina ƙirgawa da dare in ta yi barci.
A bakin ƙofar muna hura wuta cikin durom,
Lorna Haddad na kawo miyar wake a tukunyar coci,
iskar kogin Maumee na shiga ta ɗinkin riga.
Motar baƙin ma'aikata kan wuce da labule a sauke.
Ban zage su ba. Na so in zaga.
Na ga wani a ciki yana riƙe da leda irin tawa.

Jiya wasiƙa ta zo.
Na wanke hannu kafin in buɗe, ban san dalili ba.
Layi biyu: ana kan nazari,
ci gaba da cike takardar mako.

To, na cike.
Ka nemi aiki? Na nema.
Kana da lafiyar yin aiki? Ina da ita.
Ka ƙi wani aiki da aka ba ka?
Na daɗe a kan wannan.
Kwanon yana kan firji, a wanke,
agogo kuma har yanzu ƙarfe huɗu da rabi yake tashina.