'Yan Uwa Ne, Ba Tagwaye Ba

A Grimsby, daren Talata, a saman ɗakin karatu na gari,
mu tara ne, kowa da ƙarnin kifin kamfani a hannun rigarsa.
Bututun ɗumama ɗaki yana ƙwanƙwasa
kamar baƙon da aka ƙi buɗe wa ƙofa.
Malama Thackray ta jera kalmomi biyu-biyu a allo,
ta ce, "Waɗannan 'yan uwa ne, amma ba tagwaye ba."

Shade da shadow.
Ta farko, in ji ta, ita kake nema ka fake in rana ta take,
ta biyu ita ke bin ka ko ba ka gayyace ta ba.
Rasa ta yi dariya har da share hawaye:
"Malama, a garin da rana ke rowar fuskarta,
ina za mu samu ko ɗaya?"

Trip da journey.
Tsegay ya ɗaga hannu, shi da magana ke yi wa tsada.
Wata goma sha ɗaya ya yi a hanya, ya ce:
rairayi, kurkuku, kwalekwalen roba,
sai bayan wata babbar mota, tsakanin kwalayen lemo.
Wacce zai rubuta a takardar ofis?
Malama ta rufe bakin alƙalaminta.
Ta ce, "Ta farko, da tikitin dawowa a aljihunka."
Bai ƙara tambaya ba.

Ni kuwa house da home suka tsaya mini a wuya kamar ƙaya.
Na buɗe ƙamus, ya miƙo mini kalma ɗaya har sau biyu.
Na rubuta cewa na kama hayar home a bayan tashar jirgi,
ta ja mini jan layi.
"Ba a hayarsa," ta ce. "Bango ake haya,
da rufi, da famfo mai ɗiga."
Na ce to shi ɗayan, a wane ofis ake bayarwa?
Aji ya ɗauki dariya. Ita ba ta yi ba.
Ta ce in lura dai: home ba ya neman 'yar rakiya a gabansa,
go home kawai ake cewa,
don ƙafa ta riga ta san hanya.

Na haddace. Haddar aku.

Cikin Janairu aka yi sati uku babu aji.
Mijinta ne, Rasa ta ji a bas,
wannan dogon da ke jiran ta a mota da kare a kujerar baya.
Ta dawo da rigar sanyin da ta yi mata yawa,
ta koya mana wage da salary, ba ta ɓata ko wasali ba.
Ƙarfe tara ta tattara takardu,
ta duba taga, inda babu fitilar motar kowa,
ta ce dare ya yi, bari ta koma
to the house.

Kalma uku, a inda ɗaya take isar ta shekara talatin.

Na dubi Tsegay. Shi ma ya ji.
Babu wanda ya ɗaga hannu.

Na taka a ƙasa cikin yayyafi, na bi ta gaban kantin Bogdan,
fitilun titi suna jefa inuwata gaba, su janye ta baya,
na san sunanta yanzu, ba wadda ake fakewa ciki ba ce.
Waya ta yi ƙara. 'Yata ce, tana tauna wani abu:
albasa ta ƙare, famfon nan ya sake,
kuma ina nake har yanzu?
Na buɗe baki da Turancin da take so in riƙa gwadawa,
na tsaya tsakanin kalmomin biyu, ruwa na shiga mini takalmi.

Ran jarrabawa tambayar ta fito, ta shida.
Na ci.
Ban yi murna yadda na zata ba.