Kuɗin Ƙafa

Ni ne mai ƙofa.
Ni ke rataye a bakin bas daga Jega zuwa Yawuri,
maƙogwarona ya san sunan kowane gari
tun kafin idona ya hango shi.
Koko! Yawuri! Saura mutum biyu!
Kullum saura mutum biyu, ko da motar wayam take.

Shekara shida ina auna mutane da ido
kamar mai awon gero.
Mai babbar riga, gaba, kusa da direba.
Mai tabarau da jakar hannu, gefen taga.
Mai ƙarnin kifi, can baya,
inda taya ke dukan ƙugu.
Wanda Hausarsa ta karkace
sai in yi kamar iska ce ta gifta.
Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini.
Na tarar ana yi.

Ranar kasuwa, hadari ya haɗo daga gabas,
sai ga Nomau mai gyaran rediyo
yana murza kekensa da hannu biyu,
taya uku, sarƙa daidai ƙirji,
akwatin aiki ɗaure da roba a baya.
Tun hantsi mota uku suka ce masa sun cika,
suka tsaya gaba kaɗan suka ɗauki wasu.

Na ce, kai kuɗin mutum, keke kuɗin kaya.
Ban ma dube shi ba, ina haɗa canji.
Ya zazzage aljihu, ya ƙirga.
Ya sake ƙirgawa.
Kuɗin ba su haihu ba.

Daga can baya,
tsakanin kwandon kifi da buhun albasa,
Inna Tumba ta ɗaga ƙafa ta aza kan kujera,
faso ya tsattsaga diddigen kamar fadama da rani.
"Mi kac ce, yaro?
In ƙahwa kaya ta, ga nawa biyu, yi musu kuɗi.
Ga na Alhaji can gaba cikin takalmi,
su za su hi tsada."

Dariya ta fashe.
Alhaji ya ɓata rai, ya dubi takalmansa,
ya rasa wa zai yi wa fushi.
Wata malamar asibiti 'yar Zuru,
wadda na yi wa kunnen uwar shegu ɗazu,
ta cire silifa, ta ce, "Nawa nawa?"
Wannan karon na ji ta sarai.
Kafin in haɗiye yawu
mota ta cika da tafin ƙafa.

Arzika direba ya kashe inji.
Bai ce uffan ba.
Ta madubi ya kalle ni.

Na sauka.
Nomau bai jira hannuna ba,
ya kama ƙarfen ƙofa ya haye da damatsansa,
ya waiwayo ya ce,
"Kama ta ƙasa, kar ka taɓa sarƙa."
Na ɗaga keken zan miƙa sama,
tafina ya sauka kan mazaunin.
Da ɗumi.
Na ɗora buhu dubu a kan motar nan,
ban taɓa jin buhu da ɗumi ba.

Ruwa ya kece kafin mu bar gari.
Tamfol ɗaya gare mu.
Albasa ta jiƙe ranar.

Har yau matakin ƙofa yana nan da tsayinsa,
ba wanda ya zo ya rage shi.
Arzika dai ya ajiye wani katako ƙarƙashin kujera,
muna shimfiɗa shi in an zo da keke.
Inna Tumba ta daina zama baya,
ba ta kuma nemi izinin kowa ba.

Ni kuwa ba zan yi ƙarya ba,
wata ran idona kan koma awonsa na da,
ya fara raba mutane tun daga nesa.
Sai tafin hannuna ya tuna.
In buɗe ƙofa har ƙarshe,
in ce saura mutum biyu,
in bar wanda ya riga zuwa ya shiga.